Daga Maradi zuwa Damagaram: abin da na gani a bayan manyan tituna

Mun tashi daga Maradi bayan sallar asuba, muka bi ta Agye da Tasawa da Takeita, rana ba ta kai tsaka ba muka fara hango duwatsun da suka kewaye Damagaram. Niyyata ita ce in ga yadda garin ya koma tun bayan shirin Zinder Sabuwa, wato gyaran da aka yi masa a 2018 domin bikin 18 ga Disamba, shekarar da Jamhuriyar Nijar ta cika 60. Mu mutanen Maradi mun ga irin namu a 2015 da sunan Maradi Kwalliya, saboda haka na san inda ya kamata in duba.

Manyan hanyoyin sun sha kwalta, an kafa fitilu, an ƙawata shataletale, kuma duk wanda ya san ƙurar garin a da ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai ban daɗe a kansu ba, na hau kabu-kabu na ce a kai ni Birni.

Birni ita ce tsohuwar unguwar sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take, wadda Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, kuma garin nan ne ya riƙe hedkwatar mulkin Faransa a ƙasar kafin a mai da ita Yamai a 1926. A wani lungu na tsaya gaban wani zaure na ƙasa, fuskarsa cike da zanen da aka tayar da hannu aka shafe da launi, amma indararonsa ya karye, ruwan damina ya zaizaye bangon daga sama har ƙasa, bakin azara ya fito fili. Maƙwabcinsa kuwa ya riga ya rushe nasa, ya tayar da na bulo da rufin kwano. Na tarar da wani dattijon magini yana kwaɓa ƙasa a ƙofar gidan, na gaishe shi na ce, "Baba, ashe har yanzu ana kiranku aiki?" Ya ce, "Ana kira, ɗana, amma yaran da za su ɗauki tubali su koya sun tafi kabu-kabu." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gidan ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen da ake sabunta masa kafin kowace damina, idan kuwa hannun mai yaɓen ya ƙare, babu kuɗin da zai dawo da zanen.

Da la'asar na wuce Kara-Kara, unguwar da aka ware tun da daɗewa domin kutare da sauran masu lalura, wadda sunanta ya jima yana janyo wa 'ya'yanta tsangwama a cikin gari. Nan ne batun sabunta unguwa ya fi nauyi. Na ga mata da samari suna fasa dutse da guduma a ƙarƙashin rana, na ga jarkoki jere ana jiran layin famfo, ga ruwan wanke-wanke yana bin tsakiyar hanya saboda babu magudana. Ƙarancin ruwa tsohon ciwo ne a Damagaram, tunda garin yana zaune a kan dutse, dole a jawo ruwansa daga nesa, kuma unguwannin talakawa su ne na ƙarshe da yake isa.

A ganina, idan za a mai da Kara-Kara sabuwar unguwa, bai kamata a soma da rusau a kwashe mazaunanta zuwa bayan gari ba, alhali su ne suka sha wuyarta. A fara da famfo da magudanar ruwa da makaranta, a ba kowane mai gida takardar filinsa domin ya yi gini da kwanciyar hankali, sannan a ɗauki samarin nan masu fasa dutse su shimfiɗa shi a lungunansu a biya su lada. Na kwana a Zango, washegari Alhamis na shiga Kasuwar Dole kafin in nemi motar Magarya.