Janye kuɗin fiton alkama na 2024 da asarar da muka tafka a Jos

A ranar 8 ga Yulin 2024 Ministan Noma, Abubakar Kyari, ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya za ta janye kuɗin fito da sauran haraji a kan masara da shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi amma ba a goge ba da wake da alkama na tsawon kwana 150. Mu masu gidajen burodi a Jos mun ɗauki sanarwar a matsayin nasararmu, domin ita ce buƙatar da muka sa a sahun gaba cikin takardar koken da muka kai Abuja a farkon shekarar, bayan uwar ƙungiyar masu gidajen burodi ta ƙasa, AMBCN, ta ayyana dakatar da aiki daga 27 ga Fabrairu. Ni ne nake riƙe da alƙalamin 'yar ƙungiyarmu ta masu gasa burodi daga Gangare zuwa Unguwar Rogo da Farin Gada, ni na rubuta takardar, kuma da kuɗin karo-karon mambobi muka biya mota da masauki.

Dalilin kafewarmu a kan kuɗin fito sananne ne. Tun a Yulin 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Noma, aka ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a kan alkamar da ake shigowa da ita, bisa kashi 5 da ake biya a da, wai don a bunƙasa burodin rogo da noman alkama a gida. Shekara goma sha biyu ana karɓar wannan kuɗi, alhali har gobe fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa. Saboda haka da muka ji an janye kashi 20 ɗin nan gaba ɗaya, sai muka zauna a makon muka yanke shawarar ɗage ƙarin farashin da muka riga muka shirya, muka shaida wa masu shayi da 'yan sari cewa sauƙi yana tafe. Ni kuma na ƙulla yarjejeniya da wata makarantar kwana a kan zan riƙa kai musu burodi duk zangon karatun da zai fara a Satumba bisa farashin Yuli, na sa hannu, aka buga hatimi.

Wani dattijo a cikinmu, wanda ya fara sana'ar tun lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ya ce da ni a wurin taron, “Sakatare, a gafarce ni, kada ganin hadari ya sa mu yi wanka da kashi.” Aka yi dariya, aka wuce wurin.

Sai a tsakiyar Agusta Hukumar Kwastam ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, kuma a nan ne muka ga ainihin abin da aka bayar. Rangwamen zai yi aiki daga 15 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba, amma ba kowa zai shigo da kaya ba. Dole kamfani ya kasance ya yi aƙalla shekara biyar yana aiki da rajista, yana biyan haraji, kuma mai shigo da alkama sai ya zama kamfanin noma mai wadatacciyar gona ko kamfanin sarrafa amfanin gona mai manoman da yake hulɗa da su. Ma'aikatar Kuɗi ce za ta miƙa sunayen waɗanda aka amince da su da adadin da aka ware wa kowa. Babu inda aka ambaci farashin buhun fulawa, babu sharaɗin da ya ce wanda ya samu rangwame a tashar jiragen ruwa dole ya sauke farashi a shagon dila. Kullum da safe ina buga wa dilana waya, amsarsa guda ce: kayan da ke hannunsa tsohon sari ne, sabo kuma bai zo da ragi ba.

Da muka koma Abuja neman bayani, wani darakta a ma'aikatar da muka kai wa takardarmu ya karɓe mu da mutunci. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, an ce an janye haraji, mu kuwa ba mu gani a buhu ba.” Ya dube ni ya ce, “Alhaji, a cikinku akwai wanda ya taɓa shigo da alkama ko da tan ɗaya?” Babu wanda ya amsa. Har yau tambayar tana yi mini ciwo, musamman da yake da wannan darakta muka zauna a zuwanmu na farko, ya karanta buƙatarmu, ya yaba da tsarin rubutun, bai ce uffan a kan wannan ba. Wata biyar muna fafutikar neman abin da ba zai taɓa shiga aljihunmu kai tsaye ba, sai ya bi ta hannun masu injinan niƙa, su kuma 'yan ƙalilan ne tun bayan da Olam ya sayi kamfanin fulawar Dangote a 2019, Flour Mills of Nigeria kuma ya sayi Honeywell a 2022.

Ba na cewa masu niƙa ba su da hanzarinsu. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a kasuwar gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, jirgin alkama yana ɗaukar makonni kafin ya iso Apapa, sannan tirela ta sha dizal daga Legas zuwa Filato. Lissafin da ya kamata a yi tun a Yuli ma mai sauƙi ne. Kashi 20 ɗin a kan ƙwayar alkama yake, ba a kan fulawa ba, fulawa kuma a littafina kusan rabin kuɗin da ake kashewa a kan burodi take ci, saura sukari da bata da yis da leda da itace da ladan yara. Ko da a ce an miƙo mana rangwamen ɗungurungum, da kyar zai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin burodi guda. A wancan lokacin kuwa an ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilu, an sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yuli, fetur ya sake tashi a Satumba. Dokar hana fita da aka sa a Jos da Bukuru a farkon Agusta ita ma ta bar mu da burodin da ya kwana har ya yi fumfuna.

Yarjejeniyar makarantar nan na cika ta har ƙarshen zango, saboda mahaifina bai taɓa saɓa alkawarin ciniki ba, ni ma ba zan fara ba. Kowace safiya motata tana fita da burodin da na san faɗuwa nake yi a kansa, har sai da na sayar da babur biyu na masu kai kaya don in biya dila. Wasu abokan sana'a sun rage nauyin kwaɓi a ɓoye, masu shayi suka gane, aka yi ta rigima a Terminus da Bauchi Road. Wasu ƙananan gidaje sun rufe, kuma ban ga sun sake buɗewa ba.

Yanzu duk wanda ya zo mini da labarin sabuwar manufa, tambayata ta farko ita ce ko takardar aiwatarwa ta fito, ta biyu kuma sunan wa ke cikinta. Jawabin minista ba ya canza farashina sai na ga canjin a rasidin dila. Duk yarjejeniyar da ta wuce wata guda ina sa mata sakin layi cewa idan buhun fulawa ya tashi da kashi 5 cikin 100 za a sake zama, kuma abin mamaki babu makarantar da ta taɓa ƙin amincewa da hakan. Da ma tambaya ce ba a yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauƙin da muka samu na gaske a kusa da gida yake, kuma bai ci kuɗin motar Abuja ba. Mun tattara rasidan duk abin da ake karɓa a hannunmu, na harabar kasuwanci da na allon talla da na tsafta da na sitikar mota da ake tare direbobinmu a kansa, muka jera su a takarda ɗaya muka kai wa shugaban wata ƙaramar hukuma. Shi kansa bai san wasu daga cikinsu ba, ya soke waɗanda aka maimaita, ya ba da lambar asusun da za a riƙa biya. Takardar da nake rubutawa yanzu za ta tafi hukumar kare haƙƙin masu saye da gasar kasuwanci, FCCPC, kuma buƙata ɗaya ce a cikinta: duk lokacin da aka sake ba da rangwamen fito a kan alkama, a wallafa sunayen kamfanonin da suka amfana, da adadin da kowanne ya shigo da shi, da farashin buhu a bakin masana'anta kafin rangwamen da bayansa.