Rilen da na tsallake da hannuna

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin akwatin kayan aiki in kama gabana. Shekara 6 na yi a teburin gyaran kayan sautin nan, kuma in aka ce in zaɓi ranar da ta fi koya mini aiki, ba sai na yi dogon tunani ba. Waɗanda muke tare a lokacin sun san ranar da nake nufi, wadda sifikun bes biyu masu inci 18, wato manyan nan masu fitar da kakkauran sauti, suka tuƙe da hayaƙi a gaban jama'a. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda aka yi da rana, kafin a loda kaya.

Amfilifayar da ke ƙara wa sifikun nan ƙarfin sauti ta dawo daga wani aiki da ƙorafi ɗaya. Tana cikin aiki sai ka ji ƙas daga rile, wato makunnin da ke haɗa ta da sifika ko ya yanke da kansa, sauti ya ɗauke, can kuma ya dawo. Na ɗora mita a inda wayar sifika ke shiga, na ga wajen milibolt 30, wanda lafiya lau ne. Sai dai a sanyaye na auna ta, ban jira ta ɗauki zafi ba. Ina cikin dube-dube Oga ya leƙo.

"Rilen nan ne ya gaji. Tsallake shi da waya mu wuce."

Na ce, "Oga, a ba ni awa ɗaya in ga abin da ke sa shi yankewa."

"Awa ɗayar kai za ka biya ta? Mota na jira."

Na yanko guntuwar waya mai kauri, na narka dalma, na haɗe ƙafafun rilen biyu. Na kunna na minti biyar, sauti garau. Har wani daɗi na ji a raina, wai na warware matsala.

Rilen nan kuwa ƙalau yake. A duk cikin akwatin shi kaɗai ke faɗin gaskiya. Manyan tiransistocin da ke tura sauti suna zaune ne tsakanin layin wuta biyu, a tamu bolt 60 sama da bolt 60 ƙasa, kuma in komai daidai ne bakin sifika, wato inda wayarta ke shiga amfilifaya, yana tsaye a sifili sai kiɗa ya motsa shi. In wani abu ya lalace a ciki, bakin yakan manne da ɗaya daga layukan nan, wutar DC, mai tafiya fuska ɗaya irin ta batir, ta zubo kai tsaye. Aikin da'irar kariya shi ne ta tace kiɗan ta ajiye gefe, ta duba ko akwai DC da ta rage, in ta ga ta kai bolt ɗaya ko biyu ta saki rilen. A amfilifayoyi da yawa ƙaramin guntun nan uPC1237 ne ke wannan gadin, shi ne kuma ke jinkirta haɗa sifika na 'yan daƙiƙoƙi in an kunna, don kada a ji dum ɗin nan. Duk ƙas ɗin da ake ƙorafi a kansa, ceton sifika ake yi.

Ba mu yi rabin awa da fara taro ba na ji wani gurnani, sai shiru ta ɓangaren hagu. Na waiga na ga takardun sifikun biyu sun turo waje sun ƙame. Kafin in kai hannu ga makunni warin ya riga ya iso. Wanda ya taɓa shaƙar ƙonannen koyil, naɗin wayar nan da ke motsa takardar sifika, ba ya manta shi.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun da rana. Sifikar da aka rubuta wa om 8, in ka auna koyil ɗinta da mita za ka samu wajen om 6. Bolt 60 a kan om 6 amfiya 10 ke nan, wato wat 600, kuma dukkansa zafi ne. Mutane kan ce ai sifikar mai wat kaza ce, za ta ɗauka. Wannan adadin na kiɗa ne, lokacin da koyil ke kai da komo yana shan iska. Da DC, koyil yakan tafi gefe ɗaya ya tsaya cak, wani sashensa ma ya fita daga ramin maganaɗisun da ke janye masa zafi, gam ya narke, fentin wayar ya ƙone. Daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Ƙananan sifikun sama, masu fitar da siririn sauti, ba abin da ya same su, domin kafasiton da ke gabansu ba ya barin DC ta wuce. Na bes kuwa babu abin da ya tsaya tsakaninsu da wutar sai guntuwar wayata.

Washegari a gaban kowa Oga ya tambaya, "Wa ya taɓa amfilifayar nan?" Na ce ni ne. Na tsaya ina jiran ya ƙara da cewa shi ya ba da umarni. Bai ƙara ba. Ya ce yaran yanzu ba sa tsayawa su koyi aiki, aka riƙa cire kuɗin naɗin sifikun daga albashina har wata uku. Laifi tudu ne. Ba na musun nawa, hannuna ne ya riƙe ƙarfen dalma, kuma na san abin da rile yake yi, ba jahilci ba ne, tsoron fuskar Oga ne. Amma har yau bai taɓa kirana gefe ya ce mu biyu muka yi ba, ni kuma na daina jira.

Da na buɗe ta a natse, na bar ta ta yi zafi a kan rizistan gwaji da ke tsayawa a madadin sifika, ainihin ciwon ya fito. Dalmar ƙafar wani ƙaramin tiransisto ce ta tsage a matakin da ke tuƙa manyan. Da sanyi tana taɓawa, da zafi ta buɗe, bakin sifika ya tafi layin sama. Tun da babu rilen da zai yanke, manyan tiransistocin suka yi ta tura wuta cikin sifiku biyu har tiransisto ɗaya ya haɗe ciki. Gyaran da zai ci minti goma da ɗigon dalma.

Tun daga ranar na zama mai taurin kai a kan kariya, har ana yi mini ba'a. Na gano cewa ko rilen ma ba a rufe ido a kansa. Yawancin waɗanda ake sa wa amfilifaya, in ka karanta jikinsu, bolt 30 na DC aka rubuta. Wutar AC, mai kai da komo, tana ratsa sifili sau ɗari ko fiye a daƙiƙa, tartsatsin da ya tashi tsakanin bakunan rile ya mutu da kansa. DC ba ta da wannan hutun, don haka a bolt 60 ko 70 rile zai iya buɗewa amma wuta ta ci gaba da tsallakawa, ko bakunan su narke su manne. Shi ya sa nake haɗa ɗaya bakin, wanda yawanci ake bari a banza, da layin sifili, ta yadda in rile ya saki, wayar sifika ta faɗa sifili, tartsatsin ya ci rile da fiyus ya bar koyil. A manyan amfilifayoyi na fi yarda da tiransisto biyu irin MOSFET a madadin rile, ko tirayak, wani makunni marar motsi da ke haɗe bakin sifika da layin sifili nan take. Wannan na ƙarshe ba ya tausayin amfilifaya, amma ai ta riga ta mutu.

Fiyus kuma kada ya ruɗe ka. Wanda zai jure bugun bes ba tare da ya tsinke ba, zai jure DC har koyil ya gasu. Namu ya tsinke a daren, bayan an gama ɓarna.

Sauran ba su da tsawo. Amfilifayar da aka gyara, a fara kunna ta ta cikin kwan fitila mai zare, sannan rizistan gwaji, sifika a ƙarshe. A auna DC da sanyi, a sake aunawa bayan ta yi zafi. A gwada da'irar kariya da batir mai bolt 9 ta fuska biyu, an cire ta daga bakin amfilifaya, a ji ƙas da kunne. In ƙaramar sifikar sama tana da amfilifayarta ita kaɗai, a sa mata kafasito. Ƙananan sifiku in suna ƙonewa ba dalili, a nemi kaɗawar da amfilifaya ke yi da kanta wadda kunne ba ya ji, ko a duba mai miksa da ke tura sauti har jan fitila ya tsaya. Amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Shekara 4 ke nan babu sifikar da ta ƙone ta dalilin abin da ya bi ta teburina. Ba wanda ya lura, ba a kuma rubuta shi a ko'ina ba. Sau biyu Oga ya sake cewa in tsallake rile, sau biyu na miƙa masa ƙarfen dalmar na ce bismilla, bai karɓa ba.

Ga wanda zai gaji teburin: amfilifayoyi biyu da ke ƙasan kanta ta baya, waɗanda aka sayo na hannu bara, an tsallake rilensu tun kafin su zo. Na liƙa musu jan tef, na gaya wa Oga sau uku. Sababbin rilen suna cikin aljihun tebur na biyu, a cikin ledarsu.