Shekaruna A Ɗakin Sabar

A ƙarshen barandar ofishinmu akwai wani ɗan ɗaki marar taga, ƙofarsa ta ƙarfe, kuma shi kaɗai ne ɗakin da na'urar sanyaya iska ba ta hutawa a cikinsa dare da rana. Nan sabobinmu suke, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ma'aikata, da albashi, da wasiƙu, da duk wani abu da sauran kwamfutocin ginin ke zuwa nema. Kula da su ne aikina. Idan 'yan'uwa suka tambaye ni abin da nake yi, nakan ce musu kiwo nake yi, don babu abin da ya fi kama da shi: ka san lafiyar kowace ɗaya, ka san wadda ta fara tsufa, ka gane kukan fanka idan ya sauya tun kafin ta tsaya. Ranar da aikin ya tafi daidai babu wanda zai tuna da kai, kuma haka ya kamata.

Akwai dare ɗaya da ya sauya yadda nake wannan aiki, kuma daga shi yawancin ra'ayoyina suka fito.

Cikin hunturu ne. Wanda bai taɓa buɗe sabar ba a watan Janairu a Arewa bai san abin da ƙura ke iya yi ba. Tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta kwanta a kan fanka kamar auduga, iska ta daina zagayawa, zafi ya taru. A sabar da ke ɗauke da rumbun bayanan ma'aikata akwai faifan ajiya guda biyu masu rubuta abu iri ɗaya, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Na farko ya mutu makonni kafin nan, na rubuta takardar neman sabo, tana can tana bin layin sa hannu. A daren aka ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, batiran da ya kamata su riƙe mu sun riga sun gaji, sabar ta mutu tana tsakiyar rubutu. Da wuta ta dawo, faifai na biyu ya ƙi tashi.

Hankalina bai tashi ba da farko, don ina da kwafin ajiya. Na rubuta ɗan umarni da ke kwafe rumbun kowane dare da ƙarfe biyu ya kai shi wata kwamfuta, kuma kowace safiya saƙo na zuwa cewa an gama. Na buɗe ma'ajiyar, ga fayiloli nan jere da kwanan wata, babu ranar da aka tsallake. Sai na duba girmansu. Sifili. Watanni da dama baya an sauya kalmar sirrin rumbun, umarnin nawa ya daina samun shiga, amma bai daina ƙirƙirar fayil ba, bai kuma daina aiko mini da saƙon "an gama" ba, domin ni ban taɓa koya masa ya duba abin da ya rubuta ba. Na zauna a ƙasa a wannan ɗaki mai sanyi ina gumi har aka kira assalatu.

Wadda ta cece mu Hajiya ce, mai kula da rajistar ma'aikata, wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin. Da safe na same ta na gaya mata gaskiya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta buɗe durowa ta ɗauko filas na ajiyar bayanai a cikin ambulan.

"Ɗana, duba wannan ko zai yi amfani. Kowace Juma'a kafin in tashi nakan fitar da komai in zuba a nan. Tun ranar da aka kawo kwamfutar nake yi."

Na ce, "Hajiya, wa ya sa ki?"

Ta ce, "Babu wanda ya sa ni. Takarda ma da muke amfani da ita a da, kwafi biyu muke yi."

Da wannan filas, da babban littafin rajista da ba ta yarda ta daina rubutawa ba, muka dawo da kusan komai cikin kwana uku. Abin da ya ɓace aikin kwana huɗu ne kawai, shi ma muka sake shigar da shi da hannu.

Daga baya na karanta abin da ya faru da kamfanin manhaja na GitLab a ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniyansu da ya gaji da aikin dare ya goge rumbun bayanai a kan sabar da ba ita ya yi nufi ba, da suka koma ga hanyoyin ajiyar da suka tanada sai suka tarar kusan duk ba sa aiki. Abin da ya tsamo su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye ba, sun rubuta komai dalla-dalla ga duniya, kuma sun ɗora laifin a kan tsarin da ya bar kuskuren mutum ɗaya ya yi wannan ɓarna. Tun daga ranar da Hajiya ta cece mu nake riƙe da kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Kuma a farkon kowane wata nakan ɗauki kwafi ɗaya in zuba shi a wata kwamfuta in buɗe, in nemi sunan mutum, in ga ya fito. Sai na ga haka nake yarda ina da ajiya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na ɗauki Hajiya kafin wannan rana. A cikin mu mayun kwamfuta akwai wata ɗabi'a da muka gada ba tare da mun tace ta ba: raina mai amfani da na'ura. Idan muka haɗu, hirarmu ita ce wane ya kasa samun maɓallin kunnawa, wance ta manta kalmar sirrinta sau uku a mako. Muna da barkwanci iri-iri a kan wannan, kuma saurayi da ya shigo aikin yakan koye su kafin ya koyi haɗa waya. Ni ma na yi. Wannan ɗabi'a ba ta da kyau, kuma tana lalata aiki, domin wanda ka raina ba zai zo ya gaya maka ya danna wani saƙo da bai yarda da shi ba. Zai yi shiru saboda kunya, kai kuma sai bayan kwana uku za ka gane an shigo maka gida.

Hajiyar nan ta daɗe tana kawo mini ƙorafi cewa sunaye irin su Ɗanladi da Ɗanjuma suna fitowa da wasu alamomi marasa ma'ana idan aka buga takarda. Amsar da nake ba ta ita ce ta rubuta D kawai ta huta. Bayan abin da ya faru na zauna na duba, gyaran bai kai na yini ɗaya ba. An kafa rumbun a kan tsohon tsarin haruffa na harsunan Yammacin Turai, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗauke da haruffanmu duka, kuma yau kusan duk shafukan intanet da shi suke aiki. Ke nan ba na'urar ce ta kasa ba, mu ne ba mu damu ba. A harshen da baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, bai dace mai kula da kwamfuta ya ce wa mutum ya sauya sunan mahaifinsa don na'ura ta ji daɗi ba. Har yau ina ganin takardun hukuma da aka cire wa sunaye lanƙwasa, kuma abin yana ɓata mini rai.

Akwai kuma gefen wannan al'ada da nake ƙauna ƙwarai. Kusan duk sabobinmu da Linux suke aiki, wato babban tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991, ya sake shi ga kowa ya duba ya gyara. Nau'in da nake amfani da shi Debian ne, wanda 'yan sa-kai ke riƙe da shi tun 1993. Duk wanda ya taɓa zuwa aikin gayya a gona zai gane tsarin: kowa ya kawo fartanyarsa, babu mai biya, amfanin na kowa. Sau da yawa na makale da tsakar dare, na tarar wani a wata ƙasa ya gamu da matsalar shekaru goma baya, ya zauna ya rubuta yadda ya warware ta don wanda bai sani ba. Da irin waɗannan rubuce-rubuce na koyi rabin abin da na sani.

Sai dai gayyar tana da rauni, kuma ya kamata a faɗa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga sabar gwajinsa na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Maimakon ya share, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta ya yi fiye da shekara biyu yana taimaka wa mutum ɗaya da ke kula da manhajar ba da albashi ba, har ya samu amincewarsa. Manyan kamfanoni masu biliyoyin daloli sun jingina a kan aikin wannan mutum ɗaya da ya gaji. Wanda ke cin amfanin gonar gayya ya kamata ya riƙa zuwa noma, ko ya biya masu zuwa.

Game da faci, wato gyare-gyaren da masu manhaja ke fitarwa, ina tsakanin tsoro biyu. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da asibitoci a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da facin ramin tun watan Maris. Waɗanda ta ci, jinkiri ne ya ci su. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Ni dai abin da nake yi, in sa faci a kwamfuta ɗaya marar muhimmanci, in bar ta kwana biyu, sannan in bi sauran. Kuma ba na taɓa sabar ranar Juma'a, sai in gobara ce.

Tilasta wa mutane sauya kalmar sirri kowane wata ma na daina. Abin da yake haifarwa kawai shi ne ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, ko takarda manne a ƙarƙashin kibod. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ita kanta ta janye wannan shawara a 2017. Jimla doguwa da mutum zai iya tunawa, ko da Hausa ce, tare da lambar tabbatarwa a waya, ta fi.

Ana yawan tambayata me ya sa har yanzu muke wahala da janareta da batir da ƙura, alhali ana iya hayar sabar a Turai a huta. Wasu abubuwan mun kai can, kuma ban yi nadama ba: wasiƙunmu, shafinmu, da kwafin ajiya na uku. Amma ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna kwanakin farko na azumi, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Daga Najeriya har Ghana intanet ya yi rauni, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A ofishinmu wasiƙu sun tsaya, amma rajista da albashi ba su tsaya ba, domin suna nan a ƙarshen baranda. Abin da ake kira girgije kwamfutar wani ce a wani gari, kuma tsakaninka da ita akwai waya kwance a ƙasan teku. Duk abin da aiki ba zai yiwu ba sai da shi a yau ɗin nan, ina son in iya tafiya da ƙafata in taɓa shi.

Yanzu ina da yaro da nake koya wa aikin, ya gama bautar ƙasa a wurinmu aka riƙe shi. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya fi ni saurin kama sababbin abubuwa. Makonsa na farko ban ba shi sabar ba. Na tura shi ya zauna da masu rajista da masu albashi ya ga yadda suke aiki, ya rubuto mini duk abin da ke ba su wahala. Ya dawo da shafi uku, kuma rabin abin da ke ciki ban taɓa sani ba. Na biyu, na miƙa masa littafin da nake rubuta komai a ciki: wace waya ta tafi ina, me aka sauya, yaushe, kuma don me. Na fara wannan littafi ne da na gane cewa in na kwanta rashin lafiya mako ɗaya, babu wanda zai iya tayar da ɗakin nan.

Hajiya ta yi ritaya. Kafin ta tafi ta koya wa wadda ta gaje ta fitar da bayanai kowace Juma'a, ni kuma na sa wannan a cikin littafin a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin ajiyarmu, sai dai yanzu filas ɗin a kulle yake da kalmar sirri, kuma a akwatin ƙarfe yake kwana. Ranar Litinin mai zuwa farkon wata ne, yaron ne zai yi gwajin dawo da ajiya shi kaɗai a karon farko, ni kuma zan hau in share fankoki kafin iskar hunturu ta fara.