Bidiyon kamu da ya hana ni barci kwana biyu

Satin da ya wuce kwana biyu na yi ban runtsa yadda ya kamata ba saboda bidiyon biki guda ɗaya, shi ne na ce bari in rubuta abin da ya faru tun ban manta ba, don na san akwai 'yan uwa masu editin da yawa da suke cin karo da irin wannan sai su ɗauka laftof ɗinsu ce ta mutu, har wani ya kai ta a yi mata fomat ya rasa ayyukan mutane a banza, alhali ciwon yana jikin bidiyon da aka kawo masa.

Aikin na bikin wata baiwar Allah ne a nan Kano, kamu da yini da dina. Yawanci da kamara muka ɗauka, firem 25, wato hotuna 25 a sakan ɗaya, kamar yadda muka saba, amma ranar kamu maza ba su shiga cikin gida ba, ƙawayen amarya ne suka ɗauka da wayoyinsu, na ce su turo min a matsayin dokumen don kar WhatsApp ya matse shi. Mahaifiyar amarya da kanta ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, don Allah wurin da kakarta take sa mata albarka kar ka cire min shi ko da bai yi kyau ba." Na ce in sha Allahu Hajiya yana ciki. To wannan guntun na minti 12 da ta fi so, shi ne ya fi ba ni wahala.

Ina jefa shi cikin Premiere Pro, manhajar da nake editin da ita, sai na ga fuskar tsohuwar ta yi fari fat, mayafin amarya mai ruwan zuma ya koɗe kamar wanda ya shekara a rana, alhali a wayar kalarsa ras take. Na kai awa guda ina rage haske ina ƙara kala, in na gyara fuska sai mayafi ya ɓaci. Ashe da HDR aka ɗauka. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 wayoyin nan suna ɗaukar bidiyo da Dolby Vision, wani nau'in HDR, kuma a kunne abin yake zuwa, mai wayar ma ba ta san da shi ba. Shi HDR yana riƙe haske mai yawa fiye da abin da Rec.709 zai iya ɗauka, wato tsarin kalar da muke aiki da shi na talabijin da YouTube na yau da kullum, kamar ka juye ruwan tulu a cikin moɗa ne, abin da ya yi yawa malala zai yi, shi ne farin nan da kake gani. Ba laifin wayar ba ne ba kuma na manhajar ba, tsari biyu ne aka haɗa ba a gaya wa kowa ba. Na danna dama a kan fayil ɗin na shiga Interpret Footage na mayar da kalarsa Rec.709, nan take fuskar kaka ta dawo da layukan tsufanta har da kwallin idonta. Sababbin Premiere tun daga 2023 suna iya daidaita wannan da kansu, amma da yawanmu tsohuwa muke amfani da ita saboda ita ce laftof ɗinmu take iya ja.

Na yi murna na ci gaba, sai da na kalla daga farko har ƙarshe na lura baki da murya sun rabu. A minti na farko komai daidai, zuwa minti na 9 tsohuwar ta rufe baki amma addu'a tana ta fita. Wannan shi ya fi ɗaga min hankali, don in ka ja muryar ka daidaita ƙarshe sai farko ya goce. Dalili shi ne waya ba ta tsayawa a kan firem ɗaya irin na kamara, in ɗaki ya yi duhu ko ta ɗau zafi sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka a sakan ɗaya, in haske ya dawo ta ƙara, ita kuwa murya tafiyarta take yi ba ruwanta. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta, MediaInfo, kana buɗe fayil a ciki za ta nuna maka ko firem ɗin Variable ne, wato mai canzawa, ko Constant, wato tsayayye. Nawa Variable ne. Na sa shi a HandBrake, manhajar juya bidiyo, ita ma kyauta ce, na zaɓi 25 na danna Constant Framerate na bar shi ya juye, na dawo da sabon fayil ɗin, baki da murya suka haɗu har ƙarshe. Da tun farko na yi haka da duk bidiyon wayoyin kafin in fara yanka da na huta, yanzu kam shi ne abu na farko da nake yi.

Akwai wanda ban iya gyarawa ba kuma har yanzu yana damuna. A zauren dina wasu layuka masu duhu suna ta gangarowa a bidiyon wata waya. Wutarmu a Najeriya da Nijar sau 50 take bugawa a sakan ɗaya, fitilu kuma suna ƙiftawa da bugun nan, wayar kuma tana kan firem 30 da ya dace da ƙasashe masu 60 irin Amurka, ga janareta da ba ya tsayawa daidai. Wannan a wurin ɗauka ake maganinsa, a sa waya a kan 25. Na dai rage guntun na rufe sauran da na kamara.

Wajen ƙarfe biyun dare na danna ekspot don fitar da bidiyon, ya tafi ya tafi ya wuce rabi sai ya tsaya cik, fankar laftof tana kuka, can sai ga Error compiling movie. Don Allah in ka ga saƙon nan kar ka yi saurin rufe shi, ka karanta, yawanci yana faɗin daidai minti da sakan ɗin da ya maƙale. Na je wurin na tarar wani hoton amarya ne ƙato da aka turo min na ɗora masa ado har uku. Na rage girman hoton, na goge Media Cache, wato fayilolin wucin gadi da manhajar take ajiyewa, da ya taru tun ayyukan baya ya cinye min wuri, sannan na cire ekspot ɗin daga Hardware Encoding, mai aiki da katin hoto, na mayar Software Encoding. Ya fi jinkiri sosai amma ya fita lafiya. Haka in sikirin ɗin kallo ya yi baƙi ƙirin kana jin murya ba hoto, in tsohuwar Premiere ce shiga Project Settings ka mayar da Renderer kan Software Only, in hoto ya dawo to direban katin hoto ne yake son sabuntawa. Zafi ma yana da hannu, ni a kan murafen kwalba huɗu nake ɗora laftof ɗina iska ta riƙa shiga ta ƙasa.

Da na duba abin da ya fita sai na ga rubutun farko, Ɗaurin Aure, harafin Ɗ ya koma ɗan akwati. Irin rubutun ado da na zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wasu sai su rubuta D kawai su wuce, ni ba na so, Noto Sans tana da su duka kuma kyauta ce. Na canza na sake fitarwa.

Da safe filash ya ƙi karɓa, 32GB ne ba komai a ciki amma yana cewa fayil ya yi girma. Tsarin fomat ɗinsa FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB. In ka mayar da shi exFAT zai karɓa, sai dai wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, kuma na san a talabijin ɗin falo Hajiya za ta kalla. Sai na yi lissafi, bidiyon awa ɗaya a kan 8 Mbps, wato nauyin bidiyon a kowane sakan, yana kamawa wajen 3.6GB, ka ƙara murya bai kai 4 ba, na raba bikin gida biyu kowanne bai wuce awa ɗaya ba, na fitar da su a tsarin bidiyo na H.264.

Bayan la'asar na kai mata, na tsaya sai da aka sa a talabijin a gabana don in tabbatar yana buɗewa. Da aka zo wurin kaka ta ɗora hannu a kan amarya sai Hajiya ta ce wa ƙaramar 'yarta ta mayar baya, aka mayar sau uku, tana bin addu'ar da bakinta tana cewa amin.