Kamarar allon harbi marar waya: inda aikin ya kai a Tawa

Ƴan'uwa masu koyon haɗa kayan lantarki, kamarar da nake haɗawa domin kallon allon harbi daga nesa ta fara aiko hoto mai tsabta zuwa salula daga nisan mita 500, saboda haka lokaci ya yi da zan bayyana muku yadda aka kai nan da abin da ya rage. Waɗanda na yi wa aikin abokaina ne masu atisaye da bindigar iska da kuma masu baka da kibiya, kuma nisan da suke harbi bai kai wannan ba ko kusa, domin ko a gasar Olamfik mita 70 ne tsakanin mai baka da allonsa. Na nemi mita 500 ne saboda na'urar da ta riƙe sigina a wannan tazara ba za ta riƙa yankewa a mita 100 ba, ko da iska ta karkatar da eriya.

Wani zai ce madubin hangen nesa ya isa. Da sanyin safiya ya isa, amma da zarar rana ta ɗaga a kan fakon bayan gari, kawalwalniya takan sa allon ya riƙa rawa a cikin madubi, har mutum ya kasa bambance hudar harsashi mai faɗin milimita 4.5 da tabon ƙura a takarda, kuma ƙara ƙarfin madubin rawar kawai yake ƙarawa. Lokacin hunturu kuma hazo ne yake shiga tsakani. Kamarar da aka ajiye kusa da allo ba ruwanta da iskar da ke tsakanin maharbi da allo, tunda hoton ta igiyar rediyo yake tahowa. A Amurka ana sayar da irin waɗannan kamarori a haɗe, wasu suna kaiwa mil guda, amma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne, kuma babu abin da ke cikinsu da ya fi ƙarfin mai koyo.

Zuciyar aikin ita ce katin ESP32-CAM, wanda yake ɗauke da kamara OV2640 mai ɗaukar hoto har ɗigo 1600 a faɗi da 1200 a tsaye, tare da Wi-Fi a zangon gigahaz 2.4. Daga Yamai aka aiko mini da shi a motar fasinja. Ba shi da ramin USB a jikinsa, don haka sai an haɗa shi da kwamfuta ta wani ƙaramin kati, a kuma haɗa ƙafarsa ta GPIO0 da ƙafar GND lokacin loda masa manhaja. Na fara da misalin CameraWebServer da ke cikin Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake rubuta wa irin waɗannan katuna shiri, wanda ya isa ya nuna hoto a salula ba tare da an canza komai ba sai zaɓen irin katin da sunan rezo da kalmar sirri. Wannan ɓangaren ba ya cin lokaci.

Abin da ke cin lokaci shi ne eriya. Katin yana zuwa da eriya zananniya a jikinsa da kuma ɗan soket na haɗa ta waje, amma soket ɗin ba ya aiki sai an ɗaga wani rezistans da bai kai ƙwayar gero biyu ba an mayar da shi ɓangaren soket. Wanda bai saba da dalma a kan abu ƙarami haka ba, gara ya kai wa mai gyaran salula a kasuwa, domin suna da na'urar iska mai zafi da madubin ƙara girma, kuma aikin minti kaɗan ne a hannunsu. Eriyar waje da kaina na lanƙwasa ta, irin wadda ake kira biquad: wayar jan ƙarfe mai kauri da aka lanƙwasa ta zama murabba'i biyu haɗe a kusurwa, kowane gefe kimanin milimita 31, wato rubu'in tsawon igiyar gigahaz 2.4, wadda take santimita 12.5. A bayanta akwai faranti na ƙarfe mai kimanin santimita 12 kowane gefe, tazararsu kusan milimita 15. Idan an yi ta da kyau tana ba da ƙarin kimanin desibel 10 a gaban da ta fuskanta, wato kamar an ninka ƙarfin sigina sau goma ba tare da an ƙara cin batir ba. A nan milimita ɗaya yana da tasiri, don haka a kan katako na buga ƙusoshi bisa awo, na lanƙwasa wayar a jikinsu.

A ɓangaren maharbi, salula ita kaɗai ba ta wadatar idan nisa ya wuce mita ɗari da wani abu, saboda maganar Wi-Fi kai da komowa ce: ko da salula ta ji kamara, dole kamara ma ta ji amsar salula, kuma eriyar salula ƙarama ce. Na sa TP-Link CPE210 a nan, irin farar na'urar da ake gani a saman gidaje, mai eriyar desibel 9 a cikinta. Ita ce take buɗe rezo, kamara ta shiga daga nesa, salula kuma ta shiga daga kusa da ita. Abu biyu ne za a kula da su a saitinta. Dole a kashe saitin da ake kira MAXtream, domin idan yana kunne sai ƴan'uwanta na kamfani ɗaya kaɗai suke iya shiga, sannan ya kamata a ba kamara adireshi tsayayye don kada a riƙa nemanta kullum. CPE210 ɗin volt 24 take ci ta wayar rezo, ni kuwa batir ɗin volt 12 nake da shi, sai na sa ɗan katin ɗaga wuta a tsakani.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai koyo ya riƙe daga wannan aiki. Da na'urorin biyu suna kan kujeru, tsayin gwiwa daga ƙasa, hoto yana zuwa a mita 100, amma a mita 300 sai ya riƙa tsayawa rabi, alhali babu itace ko gini a tsakani, ina ganin allon da idona. Ƙarfi ba shi ne matsalar ba, domin lissafi ya nuna cewa a sarari siginar gigahaz 2.4 tana rasa kimanin desibel 80 a mita 100 na farko, daga nan kuma duk ninkin nisa desibel 6 ne kawai yake ƙaruwa, kuma eriyoyin biyu sun rufe wannan giɓi da rara. Matsalar ƙasa ce. Igiyar rediyo ba a kan zare ɗaya take tafiya ba, tana bukatar fili a kewayen layin da ya haɗa eriyoyin, fili mai siffar ƙwallon dabino, siriri a bakin biyu, mai kauri a tsakiya. Ana kiransa yankin Fresnel, da sunan masanin Faransa Augustin Fresnel da ya rasu a 1827. Idan ƙasa ta shiga cikin wannan fili, siginar da ta bugi ƙasa ta dawo takan iso a makare ta soke wani ɓangare na wadda ta taho kai tsaye, kuma shimfiɗaɗɗen fako mai tauri irin namu na Adar yana mayar da sigina sosai.

Lissafinsa ba wuya. A raba nisa a kilomita da zango a gigahaz, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, a ninka da 8.66, sai a sami rabin kaurin filin a tsakiyar hanya a mita. A mita 100 yana ba da kusan mita 1.8, a mita 300 kusan mita 3, a mita 500 kusan mita 4. Ƙa'idar masu aikin rediyo ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan a buɗe, wato kimanin mita 1.8 a nisan mita 300, da mita 2.4 a nisan mita 500. Da na ɗaure kowace na'ura a kan bututun roba mai tsawon mita biyu da rabi, ba tare da na canza komai a saiti ba, hoton ya zauna a mita 300, ya kuma zauna a mita 500. Na ga masu koyo da yawa suna neman na'urar ƙara ƙarfin sigina da zarar hoto ya yanke, kuma a ganina ɓarnar kuɗi ce da batir, ban da cewa ƙarfin da ake watsawa yana da iyakar doka, wadda hukumar sadarwa ta ARCEP take kula da ita a nan Nijar. A fara sayen bututu.

Ɗaga eriya ya kawo wata tambaya: a bar kamara a ƙasa a ja wayar eriya zuwa sama, ko a ɗaga su tare? Siririyar wayar eriya tana cinye fiye da desibel 1 a kowace mita a wannan zango, don haka mita biyu ko uku sun isa su tafi da rabin ƙarfin. Na ɗaga su tare a akwati ɗaya, wayar eriya ba ta wuce taƙi guda ba, wayar wuta ce kawai take sauka zuwa batir. Sandar tana tsaye a gaban allo daga gefe, kamara tana leƙo shi daga sama, hoton yana ɗan karkata amma ana gane kowace huda. Hakan ya kuma fitar da ita daga layin harbi. Duk da haka mai walda ya yi mini ɗan faranti na ƙarfe da ke kare akwatin ta wajen maharbi, a karkace zuwa ƙasa don abin da ya buge shi ya faɗi a nan, eriya kuma ta leƙo ta samansa domin ƙarfe yana tare sigina. Batir yana bayan buhun yashi.

Nisan kamara da allo shi ma lissafi ne. Da gilashin da ta zo da shi, a nisan mita ɗaya tana ɗaukar faɗin kusan mita ɗaya. Idan hoton ya rufe mita 1.2, wato kusan faɗin allon masu baka na santimita 122, kowane ɗigo cikin 1600 yana wakiltar milimita 0.75, hudar milimita 4.5 ta zama ɗigo shida, ana ganinta sarai. Idan aka rage hoton zuwa ɗigo 800 don ya yi sauri, hudar ta koma ɗigo uku, ta fara ɓacewa cikin ƙura. Wannan ya sa na bar bidiyo gaba ɗaya. Allo ba ya motsi, don haka hoto ɗaya cikakke duk bayan daƙiƙa kaɗan ya fi amfani, ya fi sauƙi ga rezo, kuma katin ba ya ɗaukar zafi sosai. Gilashin an liƙe shi da gam daga kamfani, sai an kankare gam ɗin a hankali da reza kafin a murɗa shi ya daidaita da kusa. Farar takarda a ranar Tawa tana ƙone hoto, sai an rage haske a saiti, kuma huda ta fi fitowa idan an bar tazara mai duhu a bayan takardar. Baƙin da'ira a tsakiyar allo yana ɓoye huda, ruwan lemo ya fi.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Takardar bayanin OV2640 ta ce hotonta yana zama daidai ne tsakanin digiri 0 da 50, alhali a watan Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta tana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin rufaffen akwati a rana. Alamar zafi ita ce layuka da ɗige-ɗige masu launi a hoto, daga baya katin ya sake kunna kansa. Na shafa wa akwatin farin fenti, na yi masa ƴar rumfa da tazarar yatsa biyu a sama don iska ta wuce, na liƙa guntun alminiyom a bayan katin, na huda ramuka a ƙasan akwatin na rufe su da ƙyalle saboda ƙura. Ramuka a gefe ba su da amfani a nan, domin iskar hunturu tana cusa ƙura ta cikinsu har kan gilashi.

Wuta ba ta da yawan ci, amma tana da tsautsayi. Katin yana jan kimanin miliamfa 180 a volt 5, ƙasa da watt ɗaya, saboda haka ƙwayoyin batirin litiyom biyu masu lafiya, irin da ake kira 18650, suna iya riƙe shi yini. Sai dai lokacin da yake aika hoto yakan fizgi wuta farat ɗaya, idan wayar siririya ce ko doguwa sai volt ya faɗi katin ya mutu ya tashi. Maganinsa waya mai kauri, da katin daidaita wuta a cikin akwatin kusa da kamara, da kwandansa, wato ɗan abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci, mai mikrofarad 1000 a bakin shigar wuta. Ƙwayoyin litiyom ba a yi musu caji idan zafinsu ya wuce digiri 45, don haka da dare nake yi a gida, ba a fili da hasken rana ba. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta a gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi zafi a caji a ajiye ta gefe.

Akwai kuma abin da ba na lantarki ba. Sanda mai eriya da kamara a bayan gari abu ne da ke jawo tambaya a halin tsaron da ake ciki, kuma riƙe bindiga a ƙasar nan sai da izinin hukuma. Kafin mu kafa komai mun gaida mai gonar da mai unguwa, mun nuna musu hoton a salula, an kuma sanar da jami'an tsaro na kusa. Bayan allon akwai tudu da ke tare duk abin da ya wuce. Ita kamarar, allo kawai take gani, ba ta ganin makiyayi ko yaro da ya ɓullo daga gefe, saboda haka mutum ɗaya yana tsaye yana duban fili da idonsa duk lokacin da ake harbi.

Abin da nake kai yanzu shi ne shafin da ke nuna hoto a salula. Idan huda ta yi yawa a takarda, gane sabuwa yana wuya, don haka ina rubuta ɗan shiri da zai ajiye hoton baya, ya riƙa musanya shi da sabo da sauri, ta yadda hudar da ba ta cikin na farko za ta riƙa ƙyaftawa. Wannan yana bukatar kamarar ta tsaya cak tsakanin hoto da hoto, bututun roba kuwa yana lanƙwasa a iska, saboda haka zan ɗaure shi da igiya uku zuwa turaku, ko in koma bututun ƙarfe idan igiyar ba ta hana shi motsi ba.