Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda na karya dokar jego

A makon da ya gabata na tsaya ne a ranar sunan ɗiyata, inda na ba ku labarin yadda uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta taho daga Tibiri da ƙunshin kayanta domin ta yi mini wankan jego, da kuma dokar da ta kafa mini tun kafin ta ajiye kayan, cewa ba ni ba murhu har sai na yi arba'in. A wannan makon zan faɗi yadda aka yi na karya dokar nan alhali jaririyar ba ta cika wata guda a duniya ba, da yadda wadda ta kafa dokar ta zama ita ce mai hura mini wuta.

Waɗanda suka bi labarin nan tun farko sun san cewa gashin gato, wato kek, gado ne a wurina. Mahaifiyata ta koya a Danja, kusa da garinmu Maraɗi, tana budurwa, a hannun matan mishan na SIM da ke aiki a asibitin masu cutar kuturta, kuma da yake ba ta da irin tandarsu sai ta koma ga dabarar masu ƙaramin ƙarfi: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora ta kan garwashi har yashin ya ɗauki zafi, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a rufe, sannan a zuba wani garwashin a kan murfi. Da na yi aure maigidana ya saya mini ƙaramar tanda mai aiki da lantarki, na yi murna na ture tukunyar gefe. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar, da Najeriya ta katse wutar da take ba mu aka kuma rufe iyaka, dole na sake jawo ta, kuma ko da wuta ta dawo a watan Maris na 2024 ban ƙara rabuwa da ita ba. Kafin na haihu ina da shaguna huɗu da nake kai wa gato kowace safiya a unguwarmu, ban da masu biki da ke aiko da saƙo. Ana saura mako biyu na sauka na sayi rabin buhun fulawa, ina ganin kamar bayan suna zan miƙe na ci gaba da aiki, domin haihuwar fari ce, ban san abin da ake nufi da jego ba.

Kwanakin farko ban ma tuna da fulawar ba. Da asuba Inna za ta tafasa ruwa da ganyen dogon yaro ta yi mini wanka, da yamma ta maimaita, tsakaninsu kuwa sai kunun kanwa da shayarwa da ɗan barcin da ba ya kai ko'ina. Ina son ɗiyata son da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da nake kallon tukunyar nan a kife a gindin bango sai hawaye su zubo mini, domin ina jin labarin masu shagunan sun fara karɓar gaton wata.

Ɗiyata tana da kwana goma sha tara ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, ranar da ruwan da babu mutumin Maraɗi da zai manta da shi ya sauka. Daga baya mun ji a rediyo cewa milimita 150 ya zuba a cikin sa'a ɗaya da rabi, kuma mutane goma sha biyar aka fara sanar da rasuwarsu. Gidan da muke haya na siminti ne kuma a kan tudu yake, saboda haka iyakar abin da ya same mu shi ne ruwa ya cika tsakar gida ya leƙo ƙofar ɗaki. Ina rungume da jaririya a kan gado, Inna tana ta addu'a tana toshe ƙasan ƙofa da tsofaffin zannuwa, muna jin ƙarar faɗuwar katangu daga gangaren unguwa ɗaya bayan ɗaya, tare da ihun mata. Maigidana ya fita da tocila, bai dawo ba sai da gari ya waye, jikinsa duk laka, ya zauna a kan turmi ya kasa cewa komai.

Ranar Lahadi ya dawo daga sujada ya gaya mana cewa fasto da dattawan ekklisiya sun buɗe ɗakunan makarantar Lahadi ga iyalai bakwai daga cikin maƙwabtan majami'a waɗanda gidajensu suka rushe, sauran jama'a kuma an kai su makarantun gwamnati. An yi baiko na musamman, an tara tabarmi da gidajen sauro da tufafi, Zumuntar Mata kuma ta raba wa kanta kwanakin girki. Na tambaye shi ranar da aka ba ni, ya ce ba a sa sunana ba. Washegari matar fasto ta zo duba ni, na yi mata ƙorafi, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, ke mai jego ce, naki aikin ga shi nan a cinyarki." Amma a cikin hirarta da Inna na ji ta ambaci abin da ya fi damunta. Itace duk ya jiƙe, gawayi ya yi tsada, matan da ke girki ba sa iya sauke tukunya sai rana ta take, yara ƙanana kuwa tun safe suke kukan yunwa, iyayensu ba su da ko murhun da za su dama musu koko.

Da ta tafi na ce, "Inna, ga fulawa can tana shan sanyin damina, in ta ƙara wata guda ƙwari ne za su ci." Ta ce ko kusa, ba a kanta za a ce ta bar mai ɗanyen jiki ta tsaya gaban wuta ba. Ban ƙara magana ba. Da dare muna zaune sai ta fara ba ni labarin da ta ji daga bakin mahaifiyarta, na ambaliyar 1945, lokacin da Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama har aka tayar da mutane zuwa tudun da birnin yake a yau. Ta ce mahaifiyarta tana ƙaramar yarinya a lokacin, kuma har ta tsufa ba ta manta da fuskar matar da ta miƙa mata dunƙulen fura a ranar da suka kwana a fili ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ke ki kwaɓa a zaune. Wuta tawa ce, in na ga kin matso kusa da ita magana ta ƙare."

Gashin farko bai yi kyau ba. Yashin da ke cikin tukunya ya sha danshi, ni kuma na yi gaggawa ban bari ya bushe ba, sai tururi ya hana burodin yin ja, Inna ta ƙara garwashi a kan murfi, a daidai lokacin jaririya ta tashi da kuka na shiga ba ta nono, kafin na fito sama ya ƙone ciki kuma ɗanye. Mun kankare abin da zai ciwu muka ci da kanmu. Ranar Inna ta wuni tana soya yashi a tsohon kasko tana juyawa da mara har ya bushe ƙarau.

Daga nan muka samu tsari. Na bar maganar gato, domin ƙwai da bota sun fi ƙarfin aljihuna, na koma ƙananan burodi: fulawa, yis, ɗan sukari, gishiri da man gyaɗa. Ɗiyata takan farka wajen ƙarfe huɗu na asuba, in ta ƙoshi ta koma barci sai na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna na murza kwaɓin a cikin fanteka, na yanka shi ƙanana na zuba a gwangwanaye, na lulluɓe da zani mai tsabta. Lokacin da Inna za ta yi mini wanka ta gama shi ne daidai lokacin da kwaɓin yake bukata ya tashi, kuma garwashin da ya tafasa ruwan wankan shi ne muke kwashewa mu gasa da shi, ba a yi asarar gawayi sau biyu ba. Tukunyar tana ɗaukar gwangwani goma sha biyu, muna sauke ta sau uku, kafin ƙarfe takwas maigidana ya ɗaure fantekar a bayan babur ya kai majami'a kan hanyarsa ta zuwa aiki.

A rana ta biyar wata mata ta yi sallama ta dawo da fantekar da kanta, a wanke tas. Matashiya ce kamar sa'ata, sanye da hijabin da ya fi ta girma, da gani na aro ne, tana riƙe da jariri a ƙirji. Ta ce ta zo ne ta ga mai jegon da aka ce ita ke yin burodin. Inna ta karɓi jaririn ta duba shi, ta tambayi kwanansa, ashe kwana goma kawai ya ba ɗiyata. Sai ta kafe matar da ido ta ce, "'Yar nan, wa ke yi miki wanka?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce tun daren ruwan ba ta ƙara yi ba, domin tukunyar wankan da itacen da mijinta ya tara duk suna ƙarƙashin ginin da ya faɗi, mahaifiyarta kuma tana can ƙauye hanya ta yanke, ga nono ya fara janyewa. Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci kamar ranar ba. Ba ta shawarci kowa ba ta ƙara ruwa a tukunya, kuma daga ranar har matar ta yi arba'in, har ma da ƙarin mako guda da Inna ta ce ramuwa ce, mu biyu take yi wa wanka, mu biyu take dama wa kunu.

A bakin matar nan na san abin da ba a gani daga nesa. Ta ce abinci ba shi ne ya fi ci musu rai ba, rashin sirri ne, mace da mijinta da 'ya'yanta a ɗaki guda da wani iyalin, zani kawai aka rataya a tsakani. Ta ce mijinta ya yi kwana biyu bai taɓa abincin majami'a ba, yana tsoron kada a ce sai sun shiga sujada, har sai da ya ga fasto da kansa ya share musu wuri a inuwar bishiya ya ajiye butoci domin masu salla. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a Maraɗi, kuma na san akwai daga cikinmu waɗanda suka so a riƙa yin wa'azi a lokacin rabon abinci, amma fasto ya hana, ya ce wanda yunwa ta kawo ƙofarka ba a sa masa sharaɗi. Ina ganin daidai ya yi, kuma na ga amfanin hakan a idon matar nan, wadda take shigowa gidana ba tare da ɗar-ɗar ba, ta yi sallarta a kan tabarmata in lokaci ya yi.

Da ta ji ƙarfi sai ta fara taya ni murza kwaɓi, jariranmu biyu suna kwance a katifa ɗaya cikin gidan sauro. Hannunta ya fi nawa ƙarfi, domin da ƙosai take toyawa a bakin titi, kuma ta fi ni sanin ciniki nesa ba kusa ba. Ita ce ta fara ce mini, "Yaya, burodin nan da za a kai tasha da safe, dala goma-goma, kafin hantsi ya ƙare." Na ce mata wannan ba na sayarwa ba ne. Ta ce ta sani, amma fulawa ba rijiya ba ce.

Gaskiyarta ce, kuma ba fulawa kaɗai ke ƙarewa ba. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar, wanda ke nufin waɗanda ke zaune a azuzuwa suna da ranar tashi, a majami'a kuma kuɗin baiko sun fara ja baya, domin masu bayarwar su ma talakawa ne, wasunsu ma nasu ɗakunan sun tsage. Dattawa suka yanke shawarar cewa abin da ya rage za a sayi kwanon rufi da shi, matasan ekklisiya kuma su taya magidantan buga tubalin laka da zarar ruwa ya ɗauke. Na ji daɗin shawarar, domin kullum in na ɗaure fanteka ina tuna cewa burodina yana kai yaro zuwa azahar ne kawai, da dare kuma a ɗakin aro zai kwana.

Ranar da na kakkaɓe buhun fulawar a farkon Oktoba, abin da ya fito bai cika gwangwani ashirin ba. Muka gasa shi shiru, Inna tana juya garwashi, ƙawata tana shafa mai. Da muka sauke ta dube ni ta ce, "To Yaya, gobe fa?" Ban samu amsar da zan ba ta ba, sai ga sallamar wani ɗan kabu-kabu a ƙofar gida, ya ce wata Hajiya daga unguwar Zariya ce ta aiko shi da jika goma kafin alƙalami, tana son gato ɗari uku na bikin ɗiyarta nan da kwana shida. Yadda muka yi da aikin nan mu uku da jarirai biyu da tukunya ɗaya, da saɓanin da ya jawo tsakanina da maigidana a kan rabon ribar, shi ne zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.