Gem ɗin jiragen da bai iso Sakkwato a lokacinshi ba

Mu dai a zamaninmu a Mabera gem guda muka sani, Sega mai kaset, wadda sai ka hura mata iska ta baki kafin ta yarda ta kama. Shagon wani mutum ne kusa da gidanmu, benci ɗaya da talabijin mai ƙaton baya, kowa ƙwallo yake so ko dambe, ni kuwa gem ɗin jirgi ne ya tafi da ni, irin wanda jirginka yana hagu allo yana tafiya da kanshi maƙiya suna ɓullowa daga dama kamar fari, kai dai harbi da kauce ma harsashi. Yara suna min dariya wai mi ka gani a wanga abu.

Sai da na girma na samu laftof sannan na gano ashe akwai wata duniya da ta wuce mu gaba ɗaya. Tun 1988 kamfanin NEC da Hudson Soft suka fitar da na'urar faifan sidi ta injin gem ɗinsu PC Engine a Japan, Sega kuma ta biyo da Mega-CD a 1991, wadda a Amurka ake ce ma Sega CD. Ni kam ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba a kasuwar garin nan, a emuleta na san su, wato manhajar da ke kunna gem ɗin tsoffin na'urori a kwamfuta.

Abin da na ɗauka shi ne tunda sidi ne to hoto zai canza sosai. Ina! Hoton kusan ɗaya ne da na kaset, domin a PC Engine injin da ke zana shi bai canza ba. Abin da faifai ya kawo shi ne wuri da kuma sauti. Kaset 'yan megabait kaɗan yake ɗauka, faifai kuwa wajen 650. Dubi R-Type na kamfanin Irem, wanda ya fito a 1987, da za a kawo shi PC Engine a Japan sai da aka raba shi kati biyu, wato kaset ɗin PC Engine, saboda bai shiga guda, sai a 1991 aka haɗe shi a faifai ɗaya da sunan R-Type Complete CD.

Amma sautin nan, wallahi shi ne maganar. Ranar da na fara kunna Gate of Thunder, gem ɗin sidi na PC Engine na 1992, da iyafis a kunne, cikin zafin Afrilu an ɗauke wuta ina zaune tsakar gida batir saura kaɗan, sai na ji jita ta gaske ta tashi da ganguna, ba ɗin-ɗin-ɗin ɗin da muka saba ba, har na manta da harbi aka kashe ni a banza. Makamai uku ne a jirgin kuma kana iya sauya su duk sadda ka so, gem ɗin yana gudu ba ya jiran kowa. Lords of Thunder na 1993 ya ma fi shi haukan kiɗa, duk da shi ba jirgi ba ne, jarumi ne cikin sulke yana tashi sama, har da shago inda kake sayen kariya kafin ka shiga fage. Sol-Feace na Mega-CD kuwa, to, ba laifi, ban daɗe a kanshi ba.

Dalilin daɗin sautin nan shi ne kiɗan an ɗauke shi ne kamar na faifan waƙa, na'urar kunna shi kawai take yi. Da na ji haka sai na kwafa Gate of Thunder na Japan a faifai na sa a motar yayana muna hanyar Wamakko. Abu na farko a faifan muryar wata mata ce da Japananci tana gargaɗi, na biyu bayanan gem ne sai a tsallake shi, daga na uku kiɗa ya ɓarke. Yaya ya juyo ya dube ni ya ce, kai wanga hayaniya ta mi ce? Na ce yaya gem ne. Ya ce cire muna shi tun ban sauke ka ba, ya mayar da faifan wa'azinshi.

Har yanzu ban gama Gate of Thunder ba ko sau ɗaya ba tare da na yi ta sebin, wato adana inda na tsaya, a emuleta ba. Ɗan ƙanena da ke yin gem a waya ya gwada makon jiya, minti biyu ya miƙo min ya ce baba wannan ba a yi shi don mutane ba.